Yumɓun Goge Mota Ba Tare da Folish Ba: Wa Zai Iya, Wa Ya Kamata Ya Haƙura?

An wanke mota fes, ta bushe, daga nesa tana ƙyalli, amma ka ɗora tafin hannu a bonet sai ka ji kaushi, wasu 'yan ƙuraje da ido ba ya gani. Ko sau goma aka sake wankewa ba za su fita ba, domin sun riga sun kafe a jikin fentin. Maganin wannan kaushi shi ne yumɓun goge mota, wanda ake rubuta clay bar a kwalinsa. Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce: in na goga yumɓun, dole sai na bi da folish? Mai sayarwa ya ce a'a, mai sana'ar gyaran fenti ya ce wajibi ne. Ni dai a ganina, mafi yawan motocin da muke hawa kullum ba sa bukatar folish bayan yumɓu, wasu ma barin sa ya fi musu alheri. Amma akwai motar da ko dai a haɗa biyun, ko a ƙyale yumɓun gaba ɗaya. Abin da zai raba gardamar shi ne launin motarka, taurin fentinta, da kaurin abin da ya saura a jikinta.

Yumɓu da folish aikinsu daban ne, ko da yake mutane kan ambace su tare. Yumɓun nan roba ce mai danƙo da aka cuɗa da garin gogewa mai tsananin laushi, babu ƙasa a cikinsa. Wani mutumin Japan mai suna Tadao Kodate ne ya ƙirƙiro shi, kuma a takardar rajistar ƙirƙirar ya kira shi dutsen wasawa mai lanƙwasuwa, saboda haka wanda ya ce maka ba ya taɓa fenti ko kaɗan bai gaya maka gaskiya duka ba. Yumɓun ya shiga kasuwar Amurka a farkon shekarun 1990 da sunan Clay Magic. Ana fesa ruwa mai santsi a jikin mota, yumɓun ya riƙa sulɓewa a kai, duk abin da ya ɗago sama da fenti sai ya aske shi ya haɗiye. Me ke ɗagowa? Burbushin ƙarfe daga burki, ko daga shagon mai walda idan an ajiye mota kusa da inda ake yankan ƙarfe da giranda. Feshin fenti daga garejin da ake fesa wata motar. Ɗigon kwalta a gindin ƙofofi bayan an bi titin da ake gyarawa. Danƙon da ke zubowa daga itace idan mota na yini a ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya. Motocin da aka sauke a Kwatano ko Legas ma sukan iso da nasu kason, saboda zaman da suka yi a tashar jirgin ruwa cikin ƙurar ƙarfe da hayaƙi.

Folish kuwa fentin kansa yake ci. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne: na ƙasa mai hana tsatsa, sai firaima, sai launi, sai shafin ƙarshe marar launi da masu fenti ke kira kiliya. Duka-duka kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, kiliyar ita kaɗai kuma wajen maikiron 35 zuwa 50. Milimita ɗaya maikiron 1,000 ce, takardar firinta kaurinta wajen maikiron 100 ne, wato da ƙyar kiliyar motarka ta kai rabin kaurin takarda guda. Ita ke ba mota sheƙi, ita ke ɗauke da sinadarin da ke tare wa launi hasken rana. Folish mai laushi yakan ɗebe mata maikiron 1 zuwa 3 a zagaye guda, mai kaushi ya zarce haka. Abin da aka ɗebe kuwa ya tafi ke nan.

To me ya sa ake nacewa a bi da folish? Saboda yumɓu yakan bar sawu. A shigar da baƙar mota inuwa bayan an gama goge ƙofarta, a haska tocilar waya a karkace. A kewayen hasken za a ga siraran layuka birjik, duk sun bi hanyar da hannu ya bi, wani wurin kuma baƙin ya ɗan dusashe ya yi toka-toka. Farce ba ya jin su, ba su da zurfi, amma da tsakar rana suna rage wa launin armashi. Abu biyu ke kawo su: garin gogewar da ke cikin yumɓun, da dattin da ya riga ya haɗiye yana jan sa a kan fenti. Na biyun ya fi ɓarna, kuma shi ne wanda mai aiki ke da ikon ragewa.

Hanya ta farko ita ce yumɓu, a ɗauraye, a shafa waks, wato man kakin da ke kare fenti, a tashi. Ta dace da farar mota, da ruwan azurfa, da ruwan toka mai haske, da ruwan gwal. Waɗannan launuka suna mayar da haske da yawa, sawun yumɓu mai laushi ba ya fitowa a kansu sai an bi da tocila ana nema. Ta kuma dace da motar da ta shekara da shekaru ana wanke ta a bakin titi da omo da tsumma ɗaya daga taya har rufi. Irin wannan fenti ya riga ya cika da kwarzane zagaye-zagaye, ɗan abin da yumɓu zai ƙara ba wanda zai lura da shi, santsin da zai kawo kuwa kowa zai ji a hannu. Ribar hanyar nan a fili take. Aikin sa'a ɗaya ne zuwa biyu a mota kamar Corolla, ba inji, ba jiran wuta, ba a rage kiliya yadda za a damu. Waks ya fi kama fenti mai tsabta ya kuma fi daɗewa, ƙura ta fi saurin sauka a wanki na gaba, gilashin gaba ma in an bi shi da yumɓun sai waifa ta daina ƙara. Gazawarta ita ce tsohon kwarzane yana nan inda yake, tabon ruwan rijiyar burtsatse da ya ci fenti yana nan, sawun kashin tsuntsu ko na jemage da ya ƙona kiliya yana nan. Yumɓu ba ya shiga rami, abin da ya tsiro kawai yake cirewa. Wanda ke jiran motarsa ta koma sabuwa da yumɓu kaɗai zai sha takaici.

A wannan hanya akwai abin da ba a tsallakewa, wato waks ko wani maganin rufe fenti. Yumɓu yana tafiya da mafi yawan kariyar da ke jikin mota, ya bar kiliya tsirara. A gari irin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, barin fenti haka ganganci ne. Mutane da yawa da ke tambayar ko folish dole ne, abin da ya kamata su damu da shi waks ne. Ƙari a kan haka, waks yakan cike siraran layukan nan ya ɓoye wani kaso nasu har zuwa lokacin da zai wanke.

Hanya ta biyu ita ce yumɓu, folish, sannan waks. Babu musu, ita ke ba da sakamako mafi kyau idan hannu mai kyau ya yi ta. Baƙar mota, shuɗi mai duhu, ja mai duhu, kore mai duhu, nan ne wurinta. Taurin fenti ma ya bambanta tsakanin kamfanoni. Masu wannan sana'a sun san fentin motocin Japan, musamman baƙaƙen Honda da Toyota, yakan fi laushi da saurin kwarzanewa, na motocin Jamus irin Mercedes da Audi da Volkswagen kuma yakan fi tauri. Duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba a Toyota, wajen da aka rubuta C/TR. In ka ga 202, baƙin nan ne tsantsa da ko tawul marar kyau kan bar masa alama. A irin wannan fenti, yumɓu ba tare da folish ba sau da yawa yana nufin ka musanya kaushin da hannu kaɗai ke ji da dusashewar da ido ke gani, cinikin da bai yi riba ba. Haka nan duk wanda zai sa rufin siramik, wato shafin kariya mai tauri da ake yi a kan fenti, folish ya zama dole, domin rufin zai kulle duk wani layi a ƙarƙashinsa na tsawon shekaru. Kuma in feshin fenti ya yi yawa har sai an kai ga yumɓu matsakaici ko mai ƙarfi, a sa folish cikin lissafi tun kafin a fara.

Sai dai a nan ne nake so a tsaya a yi tunani, domin folish a littafi daban, folish a garejin unguwa daban. Abin da aka fi samu shi ne inji mai juyawa kai tsaye da gudu, da soson ulu, da man gogewa mai kaushi wanda aka yi don bin bayan samfefa. A hannun gwani wannan inji abin kirki ne. A hannun mai gaggawa yana cin kiliya da yawa, yana ƙona gefen fenda da bakin bonet inda fenti ya fi siranta, yana barin wasu inuwoyi masu walƙiya da ke bin mota idan rana ta haska ta. Ranar farko ba a ganin su saboda man da aka shafe su da shi, sai bayan wanki biyu ko uku su bayyana. Ga shi kuma motocinmu yawanci ba sababbi ba ne. 'Yar Kwatano ta yi rayuwa a wata ƙasa kafin ta zo, an goge ta a can, dila ya sake goge ta a nan don ta ɗauki ido, wata ƙofar an sake mata fenti ba wanda ya san kaurinsa. Duk wanda ya ga tsohuwar Accord ko Corolla da rufinta ya yi fari-fari yana ɓarewa ya ga ƙarshen kiliyar da ta siranta rana ta gama da ita. Daga nan sai sabon fenti. A yi folish don kawai a share sawun da ba a gani sai da tocila, a kan kiliyar da ba a san abin da ya rage mata ba, shi ne garin neman gira a rasa ido.

Abin da ya sa na fi karkata ga barin folish a motar yau da kullum ke nan. Sawun yumɓu yana jira. In ya dame ka, baɗi ko bayan baɗi ana iya share shi a zama ɗaya tare da sauran kwarzane. Kiliya kuwa ƙididdigaggiya ce, mota na da adadin folish da za ta iya ɗauka a rayuwarta, gara a adana shi don lokacin da ya zama lalura. In kuma ka yanke shawarar yi, tambayi mai aikin abu uku: yana da na'urar auna kaurin fenti? Injinsa mai juyawa yana kaɗawa ne, wanda ba ya tara zafi wuri ɗaya? Zai yarda ya gwada a ɗan wuri da man da ya fi laushi kafin ya bi duk motar? Wanda ya ji haushin tambayoyin nan, ka ɗauke motarka.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, ita ce a bar yumɓun a yi da magani. Akwai na cire burbushin ƙarfe, irin IronX na kamfanin CarPro da makamantansa. Ana fesa shi a wankakkiyar mota cikin inuwa, bayan minti 3 zuwa 5 sai a ga ɗigo-ɗigo ruwan hoda mai duhu suna gangarowa daga duk inda ƙarfe ya kafe, a farar mota abin har mamaki yake ba da wa. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, kuma ba a barin sa ya bushe a jiki. Akwai kuma na narkar da kwalta da danƙo. Wasu kan yi da ɗan kananzir a tsumma mai laushi su wanke wurin nan take, yana yi, amma tina kam kada ta kusanci fenti. Magungunan nan ba sa gogar kiliya, saboda haka babu sawu, babu zancen folish. Ga mai baƙar mota da ba ya son inji ya taɓa ta, da mai rufin siramik, wannan ita ce hanya. Iyakarta ita ce ba ta cire feshin fenti, kuma santsin ba ya kai na yumɓu. Ko da za a goga yumɓun ma, a fara da maganin. Duk ƙwayar ƙarfen da ta narke ta bi ruwa, an rage abin da yumɓu zai ja a kan fenti.

Tsakanin ta farko da ta biyu akwai matsakaiciya: bayan yumɓu a shafa waks mai haɗe da ɗan folish, da hannu, da soso mai laushi. Abin da yake ci kaɗan ne ƙwarai, yana rage dusashewar, yana cike saura, yana barin kariya. Ga mota ruwan toka mai duhu ko ja, wadda ba fara ba ba baƙa ba, nan na fi tura mutane.

Irin yumɓun da aka saya ma yana cikin zaɓin. In ba za a yi folish ba, mai laushi kaɗai. Kamfanoni kan bambanta su da launi, amma launin wannan kamfani ba shi ne na wancan ba, a karanta kwali. Akwai kuma safar hannu da tawul masu fuskar roba da ke aikin yumɓu. Sun fi sauri, in sun faɗi ƙasa a ɗauraye a ci gaba, ana amfani da su sau da yawa. Amma ba a naɗe su a ɓoye datti kamar yumɓu, hannu kuma ba ya jin abin da ke gudana sosai, sai su fi barin sawu a fenti mai laushi. Farar mota, safar ta wadatar. Mai duhu, a koma ga yumɓu.

Duk bayanin nan gwaji biyu na minti goma sun fi shi. Na farko, bayan wanki ka sa hannu cikin siririyar leda ka shafa bonet da rufi da saman but a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsu ji, za ka ji ƙurajen suna karo da ita, har da 'yar ƙara. In ba ka ji komai ba, motarka ba ta bukatar yumɓu, ka shafa waks ka huta. Na biyu, ka manna tef a tsakiyar wani ɗan wuri, misali ƙasan ƙofar baya, ka goge gefe ɗaya ka bar ɗaya, ka share, ka cire tef ɗin, ka duba da tocila sannan ka duba a rana. In ba ka ga bambanci a sheƙi ba, ci gaba ba tare da folish ba. In gefen da aka goge ya yi hazo, fentin ya ba ka amsa, sai ka zaɓa tsakanin magani kaɗai da haɗawa da folish.

Wanda ya zaɓi barin folish, ingancin aikinsa ya rataya a kan tsabta. A wanke motar sosai, a yi aikin a rufaffen wuri ko inuwa mai kyau da sassafe, ƙarfen yana da sanyi. Baƙar mota a rana jikinta kan wuce digiri 70, yumɓu ya narke ya manne, ruwan santsi ya bushe kafin a kai hannu. Ranar da ake ƙura kuwa a haƙura. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, tana da ƙwayoyin ma'adini da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba, kuma cikin minti kaɗan take sake sauka a wankakkiyar mota. Goga yumɓu a fili a watan Disamba ko Janairu jan wannan ƙura ne a kan kiliya. A yanki ɗan gutsure kamar giram 30, a murza shi ya yi laushi, a baje shi faɗin yatsu uku. A fesa ruwan santsi har yana zuba, ko na musamman da ake sayarwa ko ruwan sabulun mota mai kumfa sosai. Ban da omo da sabulun wanke-wanke, suna ruɓar da yumɓun ya riƙa marmashewa. A ɗauki wuri kamar rabin mita, a tafi a miƙe gaba da baya, nauyin yatsu kawai, ba dannawa. Da farko za ka ji yana kamawa yana 'yar ƙara, can sai ya yi shiru ya sulɓe, to nan a tsaya, ƙari ɓarna ce. A juya a duba fuskarsa: za a ga ta yi ruwan ƙasa da ɗigon baƙi. A naɗe, a murza, a fito da sabuwar fuska. A fara daga rufi a gangaro, gindin ƙofofi da bamba su zo ƙarshe da wani gutsuren daban. Wanda ya faɗi ƙasa a yar da shi, komai sabuntarsa.

Akwai motocin da wannan muhawara ba ta shafe su ba. Fenti ko leda marar sheƙi da aka yi wa mota ado da shi, yumɓu da folish duk suna ɓata shi, sai magani na musamman. Motar da ta fito daga fenti kwanan nan a ba ta aƙalla kwana 30, ko abin da mai fentin ya ce, domin kiliyar ba ta gama ƙarfi ba. Wurin da kiliya ta fara fari tana ɓarewa kada a taɓa, yumɓu zai kama bakin ya ƙara ɗaga shi. Sai tsohon fenti mai hawa ɗaya wanda ba shi da kiliya, irin na Peugeot 504 da wasu fararen Toyota na shekarun baya masu lamba 040. Ana gane shi idan an goga ɗan folish a farin tsumma launin motar ya fito a kai, ko in jikin yana barin gari kamar alli a hannu. A nan lissafin ya juya: yumɓu zai cika da mataccen fenti nan da nan, motar kuma ba za ta yi sheƙi ba sai folish ya ɗauke wannan mataccen saman.

Sau nawa za a yi? Ledar ce za ta faɗa. Ga yawancin motoci sau ɗaya a shekara ya isa, sau biyu ga wadda ke kwana kusa da gareji ko masana'anta. Lokacin da ya fi dacewa a wajenmu shi ne bayan ruwan farko ya kwantar da ƙura, sai a bi da waks mai kyau ya tari damina, a sake shafa waks ɗin kaɗai ba yumɓu kafin hunturu ya shigo.